Ƙananan Lambunan Unguwa a Abuja da Aikin da Suke Yi Mana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba Millennium Park muka nufa ba, ba kuma bakin tafkin Jabi ba. Waɗannan kowa ya san su, ranar Sallah ko wurin ajiye mota da ƙyar ake samu. Inda za mu shiga ƙaramin lambu ne na cikin unguwa, irin wanda ake tararwa a Garki da Wuse da Asokoro a tsakanin gidaje, wanda mutum zai shekara yana wucewa ta gefensa a mota bai taɓa leƙawa ba.

Ku biyo ni. Mun baro babban titi, mun karya kwana, mun gangara. Hon ɗin 'yan tasi ya koma can nesa. Abin da kunne ke ji yanzu kukan kurciya ne, da ƙarar tsintsiyar wannan dattijon da ke share ganye a bakin ƙofa. Sannu da aiki, Baba.

Kun lura gangarowa muka yi? Akwai dalili, kuma dalilin ya girmi yawancin gidajen da ke kewaye da mu. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a bar Legas, wadda cunkoso ya shaƙe, ruwa kuma ya hana ta faɗaɗa. A 1979 wani rukunin kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ya miƙa taswirar birnin. Ƙasar da suka tarar, ta Gbagyi da maƙwabtansu, ƙasa ce ta duwatsu da kwari da ƙoramu. Sai taswirar ta ce a gina gidaje a kan tudu, kwari da hanyoyin ruwa kuma a bar su da ciyawa da itatuwa. Ta kuma tsara kowace unguwa da makarantar firamare da 'yan shaguna da filin da yaro zai iya takawa ya je da ƙafarsa. Gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai ranar 12 ga Disambar 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, amma an riga an shata wa irin wannan filin gurbinsa tun kafin a aza bulo.

To, wane aiki yake yi? Mu fara da ruwa. Ga ƙoramar can ƙasa, yanzu ɗan siririn ruwa ne da yaro zai tsallake. Ku zo ku gan ta a watan Agusta. Damina a Abuja tana kamawa daga Afrilu har Oktoba, ruwan kuma ya fi na Kano yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya sauka a kan kwano da kwalta da siminti ba ya nutsewa, gaba ɗaya yake kwararowa a lokaci guda yana neman gangare. Idan ya iso nan, ƙasa ta sha wani, ciyawa ta rage masa gudu, saiwoyin itatuwa kuma su riƙe gaɓa kada ta zaizaye. Ranar da aka cike wannan kwarin aka dasa bene, ruwan ba zai fasa zuwa ba, falon mutane zai shiga. Mazauna Lokogoma da wasu sassan Lugbe sun san wannan magana, sun kwashe kaya cikin dare ba sau ɗaya ba. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, har gobe ana muhawara a kansa, kuma mutane da dama sun yi asarar da ba su farfaɗo ba. Sai dai wani ɓangare na abin da aka rushe an gina shi ne a kan irin waɗannan filaye da kan magudanan ruwa.

Sai zafi. A watan Maris rana a garin nan takan haura digiri 35. Ku dubi waɗannan bencina biyu na siminti, ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin mangwaro. Na farkon ba ka iya ɗora tafin hannunka ka bar shi, na biyun kuwa har kwanciya ana yi a kai. Inuwa ce, amma ba ita kaɗai ba. Itace yana zuƙo ruwa daga ƙasa, ya fitar da shi ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye, ruwan na tashi yana tafiya da zafin iskar da ke kusa. Yadda randar ƙasa ke tsattsafo da ruwa ta jikinta har na cikin ya yi sanyi, haka itace yake yi wa unguwa. Kwalta kuwa tara zafin rana take yi ta riƙa sakinsa har bayan isha'i, shi ya sa ɗakin da ke bakin titi yake wuyar kwana idan an ɗauke wuta.

Ku matso ku ga wannan maɗacin. Kun ga inda aka sassaƙe ɓawonsa, jan jikin ya fito? Masu neman magani ne. Ɗiba kaɗan ta gefe ɗaya itacen yakan warke. Amma abincin da ganye ya haɗa ta ƙarƙashin ɓawon nan yake bi ya sauka ga saiwa, don haka idan aka zagaye gindin da sassaƙa, an yanke masa hanya ke nan, a hankali zai bushe a tsaye. Itacen da ya ɗauki shekaru da dama kafin ya kai haka. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Su wa ke zuwa nan? Da hantsi za ka ga uwa da 'ya'yanta a kan tabarma, da ɗalibi ya jingina da itacen dogon yaro yana bitar jarabawa. Da azahar sai direbobi da masinjoji da leburori, wani ya ciro buta daga but ɗin mota, a shimfiɗa kwali a yi jam'i, a ɗan miƙe kafin a koma. Yawancinsu daga Nyanya da Mararaba da Kubwa suka fito tun asuba, ba su da ɗakin da za su koma su huta da rana, a unguwanninsu kuma irin wannan fili ya yi ƙaranci. A ganina su ne suka fi kowa buƙatar wurin, fiye da masu gidajen da ke kallonsa ta taga.

Abin da ke cinye waɗannan lambuna a yau sau da yawa ba bene ba ne. Sashen kula da lambuna na hukumar birnin tarayya yakan ba 'yan kasuwa hayar fili su kula da shi. Wasu sun riƙe amana. Wasu kuwa sun sare itatuwa, sun malale ƙasa da siminti, sun jera kujerun roba da gasasshen kifi da lasifika har tsakar dare. Neman halak ba laifi ba ne, amma filin da aka malale ya daina shan ruwa, ya daina sanyaya iska, magidanci kuma ba zai kawo iyalinsa ba.

Idan za ku zo, ku zo da safe ko bayan la'asar. Ku gaisa da mai gadi ku tambaye shi ko ana biyan kuɗin shiga, don wasu ana biya, wasu kyauta ne. Ku riƙo tabarma da ruwan sha da ledar da za ku kwashe shararku. Da damina kada a bar yara su sauka ƙorama ko da nan ba a yi ruwa ba, domin ana iya yin sa a can sama ya iso ba sallama. Mai asma ya kula da ƙurar hunturu. Kafin magariba a tattara, sauro na fitowa, wurare da yawa kuma babu fitila.

Idan kuma wata safiya kuka ga an kewaye filin unguwarku da kwano, an sauke yashi da bulo, kada ku tsaya gunaguni a bakin masallaci. Ku haɗu da ƙungiyar mazauna unguwa ku rubuta wa sashen kula da gine-gine na hukumar birnin, ku nemi a nuna muku takardar izini da abin da taswira ta ce game da filin. A yi wannan tun ana haƙa tushe, kafin gini ya kai linta.

Mu kwana nan, sai mun haɗu a shiri na gaba.