Takardun da suka rage a Kartum

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 aka wayi gari da luguden wuta a birnin Kartum, tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da dubban 'ya'yanmu da ke karatu a can, da yawansu a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka. Duk mun gan su a wayoyinmu, zaune kan jakunkuna a gindin motocin safa, leɓe ya bushe. Wasu sun share kwanaki a kan iyakar Masar kafin a bar su su wuce Aswan su hau jirgi. Allah ya maido da su gida, iyaye suka yi hamdala. Sai dai akwai abin da bai biyo su ba, wato takardar sakamakon jarrabawoyin da suka yi shekaru suna rubutawa.

Ku dubi halin ɗalibar da ta kai aji biyar a karatun likita. Mahaifinta ya sayar da gona, wataƙila har da shanu, don ya biya kuɗin makaranta da dala. Ta dawo, ta je wata jami'a a gida, aka ce ta kawo shaidar abin da ta karanta. Ofishin da zai ba ta shaidar yana garƙame a garin da ake harbe-harbe. Ko da takardar ta samu, sai a zauna ana lissafin wane darasi ne ya dace da namu, wanne ne bai dace ba, domin ba a taɓa zama tsakanin jami'o'in biyu an daidaita manhaja ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Mun daɗe muna tura yara waje, amma tsakanin makarantunmu da waɗanda suke zuwa babu wata igiya mai ƙwari da za ta riƙe su ranar da ƙasa ta rikice.

Alhali da can ba haka dangantakarmu da Sudan take ba. A 1934, da aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga Sudan aka ɗauko malamai suka zo suka zauna cikinmu suna karantarwa. Bayan shekara ashirin aka tura ɗalibai irin su Malam Abubakar Gumi zuwa kwalejin horar da malamai ta Bakhtur Ruda a Sudan domin ƙaro ilimi. Hukuma ce ta yi magana da hukuma, an san wanda ya tafi, an san abin da zai karanto, an kuma san aikin da ke jiransa.

Yau dillalai ne suka karɓe wannan fage. Sun buɗe ofisoshi, suna tallar guraben karatu kamar masu tallar atamfa, su karɓi la'adarsu su yi gaba. Mun ga inda hakan ya kai mu a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya taka aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Matakin ya zama dole, amma ya haɗa har da yaran da suka zauna suka yi karatun gaskiya, laifin wani ya shafi wani.

To ina mafita? A ganina tana kusa da mu fiye da yadda muke zato. Daga Katsina, Maraɗi ta fi Kano kusa. A Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, a Yamai akwai ta Abdu Mumuni, ga Jami'ar Musulunci ta garin Say da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta kafa, wadda ta fara aiki a 1986. Gero ɗaya muke nomawa, fari ɗaya ke damunmu, hamada ɗaya ke cin gonakinmu. Ana cewa Turanci da Faransanci ne suka raba mu. Haka ne a takarda, amma malamin aikin gona na Zariya da takwaransa na Damagaram in suka tsuguna a kunyar wake, da Hausa za su tattauna da manomi.

Kuma an gwada an gani. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda ke cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, tana karɓar ɗaliban digiri na biyu da na uku daga wasu ƙasashen Afirka. A nan baƙi ne ke zuwa Kano neman ilimi, kamar yadda magabata suka riƙa zuwa Katsina tun zamanin masallacin Gobarau.

Tun 2014 ƙasashen Afirka suka tsara yarjejeniya a Addis Ababa kan amincewa da takardun karatun juna. Abin da ya rage shi ne aiki. Duk gwamnatin jihar da za ta ɗauki nauyin yara zuwa Indiya ko Uganda ko Masar, ta fara sa jami'arta ta gida ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da waccan makaranta. Sakamakon kowane zango ya riƙa zuwa gida ana adanawa, a kuma san tun farko ajin da ɗalibi zai shiga in ya dawo ba shiri. Ya kamata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta tsaya a mayar da wannan sharaɗi, tun kafin jirgin ɗalibai na gaba ya tashi daga filin Malam Aminu Kano.