Ɗan kunne ɗaya ja, ɗaya baƙi

Auta: Assalamu alaikum masu saurare, daga nan Damagaram muke gaishe ku. Yau Yaya ta baje mana kayanta a tabarma, ga Malam kuma da shayinsa. Yaya, waɗannan ƴan kunnen, ɗaya ja ɗaya baƙi ƙirin, da gangan kika yi?

Yaya: Ina fa! Yumɓu ɗaya ne, rana ɗaya na gasa su. Wannan yana gefen da iska ke shiga, wancan ya nutse cikin kashin shanun da nake gashi da shi.

Malam: Kin ma ba da amsar, Hajiya. Akwai ƙarfe a cikin yumɓu. In ya sami iska yana gasuwa sai ya yi ja, in hayaƙi ya turnuƙe shi sai ya yi baƙi. Dubi tulunan Mirriya da ake kawowa kasuwar Dole ranar Alhamis, za ka ga wani da baƙin tabo a ciki.

Yaya: To ai tulu ba mai cewa komai, ruwa dai ya yi sanyi. Amma ɗan kunne? Mace za ta ɗora su a tafin hannu, ta juya, ta ce "Hajiya, ba su yi kama ba." Shi ya sa ba na haɗa su biyu-biyu sai bayan an kwashe daga wuta. In yi da yawa, in zube a faifai, in zauna ina nema wa kowane abokinsa.

Auta: Waɗanda suka rasa aboki fa?

Yaya: Su tafi abin wuya, can ba a faɗa.

Auta: Malam, me ke sa wasu su fashe? Ranar nan ina jin tas-tas daga ɗaki.

Malam: Ruwa ne ya saura a ciki. Da ya kai digiri 100 sai ya zama tururi, ya rasa hanyar fita. Akwai kuma wani gaɓa wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya, ya kuma koma in ana hucewa. Wanda ya yi gaggawa a nan, sai tsagewa.

Yaya: Ga hunturu. Iskar nan tana busar da baya, cikin yana nan ɗanye, ka ɗauka ya bushe. Ni a inuwa nake shanya, in rufa da tsumma. Huda kuma da tsinke mai kauri nake yi, don yumɓu yana tsukewa, sai ka tashi zura zare ya ƙi shiga.

Auta: Ba gara ki sayi tanderu na kuran ba, wato na lantarki, ki huta?

Malam: Shi ma sama ta fi ƙasa zafi sau da yawa. In kuran ya ɗauke ana tsakiyar gashi kuwa...

Yaya: Bari kawai, Malam. Ni in baƙi nake so, gwangwanin tumatir nake cikawa da ƙaiƙayi, in binne duwatsun yumɓun da na ƙera a ciki, in rufe, in tura wuta. Wanda na goge da dutse mai santsi tun yana ɗanye, ƙyalli yake fitowa da shi.

Auta: Kullum baƙi yake fitowa?

Yaya: In murfin bai buɗe ba. Miƙo faifan can in nuna maka na ranar da ya buɗe.