Ciwon da Gudu Ke Tarawa: A Rage Kaya, Kada a Kwanta

Wani masanin gashin ƙashi ne ya gabatar da wannan lacca ga ƙungiyar masu gudun safe a Kano, ranar wata Asabar bayan an tashi daga atisaye. An ɗauke ta a waya, muka rubuta, muka rage maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Iyayena, yayyena da ƙannena, assalamu alaikum. Na baya ku matso, ba mu da lasifika.

Ciwon da zan yi magana a kansa ba targaɗe ba ne, ba kuma karaya ba ce irin ta wanda babur ya kaɗe. Mai targaɗe zai iya gaya maka rana da wurin da abin ya faru. Wannan kuwa idan na tambayi mutum yaushe ya fara, sai ya yi shiru, can ya ce, “Wallahi likita, haka kawai na ji shi.” To ba haka kawai ba ne, tarawa ya yi. Duk takun da ka yi a guje, ƙafarka na ɗaukar nauyin jikinka ninki 2 zuwa 3. Ka lissafa taku nawa ne daga Ƙofar Mata zuwa tsohuwar Jami'ar Bayero, ka dawo, a kan kwalta, kullum.

Ga inda matsalar take. Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Mako uku ko huɗu da fara gudu sai ka ji haki ya ragu, ka ce ƙarfi ya zo, ka ƙara nisa. Amma ƙashi da jijiya watanni suke buƙata. Numfashinka ya shirya wa kilomita 10, agararka ba ta wuce 4 ba. Shi ya sa nake yawan ganin mutum iri biyu: saurayin da ya ji za a ɗauki soja ko ɗan sanda, ya tashi dare ɗaya yana gudu safe da yamma, da kuma magidancin da aka ce masa sukarinsa ya hau, ya sayo kambas ɗan gwanjo wanda ƙasansa ya riga ya cinye gefe guda, ya ce sai ya rama shekara goma a wata ɗaya. Niyyarsu mai kyau ce, ina girmama ta. Gaggawar ce take cutar da su.

Wurare huɗu ya fi kamawa: gaban gwiwa, ƙwauri, agara, da ƙasan dunduniya. Na dunduniya ba ya ɓuya. Ka tashi da asuba za ka yi alwala, takun farko kamar ka taka ƙusa, bayan ɗan zirga-zirga ya lafa.

To idan ya kama, me ake yi? Mutanenmu sun rabu biyu. Wasu su haɗiyi diclofenac daga kemis su ci gaba, suna cewa namiji ba ya raki. Maganin bai gyara komai ba, ciwo ɗan aike ne, bakinsa kawai maganin ya toshe, ga shi yawan shan sa na taɓa ciki da ƙoda, musamman ga mai gudu cikin zafin bazara yana zubar da gumi. Wasu kuma su kwanta wata biyu cur, ciwo ya tafi, su koma daidai inda suka tsaya, ya dawo cikin mako guda. Dole ya dawo, domin jijiyar da ba a ɗora wa komai ba rauni take ƙarawa. Su kansu masana sun sauya ra'ayi. Likitan nan na Amurka, Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, ya fito a 2014 ya ce ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa.

Abin da nake koya wa marasa lafiyata shi ne awo. Ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. Idan kana motsa jiki bai wuce 3 ba, ba ka ɗingishi, kuma washegari da safe bai fi na jiya ba, to kayan da ka ɗauka daidai ne. Idan ka wayi gari ya ƙaru, ka yi yawa, rage. Safiya ce alƙali, ba lokacin da jini ya ɗumama ba.

A tsakanin nan ba zama za ka yi ba. Hau keke. Mai halin zuwa wurin ninƙaya ya je. Yi tafiya mai sauri a kan ƙasa, irin ta Filin Sukuwa, maimakon kwalta. Hawan Dala da Goron Dutse a dakata tukuna, musamman mai ciwon gwiwa, don gangarowa ta fi hawa wahalar da ita. Kuma ina roƙon ku, ku shugabannin ƙungiya, kada wanda ya ji ciwo ya ɓace muku. Ya zo ya bi ku a keke, ya riƙe agogo, a gaisa. Na ga mutane da yawa da ƙafarsu ta warke amma ba su dawo ba, saboda zumuncin ya yanke.

Sai ƙarfafawa, wadda ita ce ainihin maganin. A 1998 wani likita a Suwidin, Hakan Alfredson, ya wallafa sakamakon wani atisaye na masu ciwon agara: mutum ya tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, ya ɗaga, sannan ya sauke dunduniya a hankali. Sau 180 a rana, har mako 12. Ban ce kowa ya je ya yi 180 ba, adadi ya danganta da mutum da kuma inda ciwon yake. Mako 12 ɗin nake so ku riƙe. Dakalin ƙofar gidanka ya isa wurin yin sa. Mai ciwon gwiwa kuma cinya da ƙugu zai ƙarfafa, ko da tashi da zama ne daga kujera a hankali.

Ranar komawa gudu, minti 1 sassarfa, minti 2 tafiya, na minti 20, kuma a tsallake rana. Nisa ake fara ƙarawa, sauri daga baya.

Akwai inda wannan awo ba ya aiki, ku saurara da kyau. Idan ciwon ƙwauri ya taru wuri ɗaya har kana iya nuna shi da yatsa guda, ko ba ka iya tsalle da ƙafar, ko yana damun ka da dare kana kwance, ƙila ƙashi ne ya fara tsagewa. Wannan a daina gudu gaba ɗaya, a tafi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hoton farko yakan fito lafiya lau a makonni biyu ko uku na farko, don haka kada ka ce an duba ba a ga komai ba. Kuma kada a kai wa mai ɗori ya murza. Haka wanda aka ba ciprofloxacin saboda taifot: tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi cewa irin wannan magani na iya sa agara ta tsinke. Idan kana shan sa ka ji agara na ciwo, tsaya, koma wurin wanda ya rubuta maka.

(Wata baiwar Allah ta tambaya game da mata da kuma azumi.)

Hajiya, na gode da wannan tambaya. Ƙashi da abinci yake gyaruwa. Macen da ke gudu tana kuma tauye cin abinci don ta rame, har al'adarta ta fara tsallake wata, tana cikin haɗarin tsagewar ƙashi, ta ga likita kafin ta ƙara ko taku ɗaya. Nono, ƙwai, wake, kifi, duk muna da su a kasuwa. Da azumi kuwa ba lokacin ƙara nisa ba ne. A riƙe abin da ake da shi, a mayar da shi bayan shan ruwa, atisayen dakalin kuma a yi shi bayan tarawihi.

Akwai wani hannu a can baya. Malam, bismillah, ɗaga murya kaɗan.