Daga Tebur Zuwa Kwantena: Tarihin Shagunan Unguwa a Asawasi

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan layin da kuke gani a Asawasi yake, cikin Kumasi, ƙasar Gana. Ku bi shi da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ga mai kayan masarufi, ga tela, ga mai aski, ga rumfar MoMo ta tura kuɗi ta waya, ga firjin ruwan leda, can kuma Hajiya ce da tukunyar koko da kaskon ƙosai. Da wuya ku ƙirga gida uku a jere ba ku ga wanda aka fasa masa ƙofa ta fuskar titi ba. Alhali waɗanda suka zana unguwar nan ɗakunan kwana suka zana. Shagunan, mazauna ne suka huda su daga baya, ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu Kumasi ta cika ta batse. Jirgin ƙasa ya iso garin tun 1903, cinikin goro da na kokon da ake fitarwa waje ya ja mutane daga ko'ina, ga sojoji suna dawowa daga ƙasar Bama (Burma) suna neman wurin sa haƙarƙari. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu masu zanen gine-gine, Maxwell Fry da Jane Drew, suka fitar da sabon tsarin garin. A wannan tsakanin ne aka fara gina rukunin gidajen Asawasi, inda injiniyan gari Alfred Alcock ya gwada yin bulo da jar ƙasa haɗe da ɗan siminti don a rage kuɗin gini. Ƙananan ɗakuna ne a jere, da 'yar baranda a gaba. Bayan haka aka yi irinsu a Suntreso, a 1956 kuma aka kafa hukumar gidaje ta gwamnati wadda ta ci gaba da aikin a wurare kamar Kwadaso da Patasi.

Tunanin masu tsara gari na lokacin shi ne gida daban, kasuwa daban. Mai son saye ya nufi kasuwa, ko ya gangara Adum, inda manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da UTC da CFAO suke da kantunansu, tare da 'yan Labanan. Daga can kaya suke saukowa hannu zuwa hannu. Akwai manyan mata 'yan kasuwa masu littafin kamfani, waɗanda ke ɗaukar kaya bashi su rarraba wa na ƙasa da su. Katan ya koma dozin, dozin ya koma gwangwani ɗaya. To amma lebura da ake biyansa da yamma ko gwangwanin ma ya fi ƙarfinsa. Sukari ƙwaya uku yake so, da sabulun da zai wanke riga ɗaya, kuma da dare yake so, lokacin da Adum ta rufe.

Su kuwa mutanen da suka cika Asawasi da maƙwabtanta, Aboabo da Akwatia Line da Sabon Zango, ba sai an koya musu ciniki ba. Jikokin fataken goro ne da suka bar Salaga bayan yaƙin basasar 1892, da Zabarmawa, da Mosawa, da Dagwambawa, da Yarabawa, da sauran 'yan arewa, Hausa ta haɗa su. Abin da ya fara fitowa shi ne tebur a ƙofar gida, da fitilar aci-bal-bal idan dare ya yi. Matar gida tana daka, tana suya, yara suna fita talla. Idan jari ya ɗan motsa sai a cire katakon taga, a sa raga, a buga kanta a ciki. Idan ya ƙara motsawa sai a toshe baranda da katako, ta zama kanti.

Ku matso kusa da wannan tagar, domin aikin da ake yi a bayanta bai canja ba tun wancan zamani. Sandar sabulun Key, mai shago ya sa wuƙa ya yanka ta gida-gida. Gari da shinkafa a olonka, babban gwangwanin awo, ko a gwangwanin bota idan kuɗin bai kai ba. Da can kananzir a kwalba, yanzu Milo da madara da omo a ƙananan leda, an rataye su a igiya. Yarinya ta leƙo ta ce, "Baba, salamu alaikum, wai in ji Mma a ba ta sukari da magi, a rubuta." Baba bai tambayi komai ba. Ya jawo littafin makaranta mai bango ja daga ƙarƙashin kanta, ya buɗe shafin gidansu, ya ƙara layi ɗaya.

A ganina littafin nan shi ne ainihin shagon. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a unguwa irin wannan mai shago ne ya fi kowa sanin hakan. Ya san gidan da direba ya yi tafiya bai dawo ba, ya san wadda mijinta ke Libiya ba a ji daga gare shi ba. Ba ya ɗora ruwa a kan bashin, domin riba haramun ce, kuma wanda yake bin bashin shi ne wanda za su tsaya sahu ɗaya da asuba. Watan azumi littafin kan yi kauri. Wasu shafukan ba a taɓa biyansu, mai shago ya ja musu layi ranar da aka yi rasuwa a gidan, bai gaya wa kowa ba.

Babbar girgizar farko ta zo ranar 18 ga Nuwamba, 1969. Gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar Gana. A lokacin ƙaramin cinikin kayan masarufi da yawa a hannun Yarabawa da Zabarmawa yake. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sayar da ashana da sardin a lungu ɗaya ya wayi gari yana neman mai sayen kantarsa a kowane farashi. Zango ya fi ko'ina jin zafin abin, saboda akwai waɗanda nan aka haife su, nan aka haifi iyayensu, amma ba su da wata takarda da za su nuna. Motoci suka cika, aka bar mabuɗai a hannun maƙwabta. A 1970 kuma aka yi doka da ta keɓe ƙananan sana'o'in saye da sayarwa ga 'yan ƙasa. Shaguna da yawa a ranakun nan suka canja hannu, kuma har yau akwai gidajen da ba a son tayar da zancen yadda aka yi.

Waɗanda suka gaji kantocin ba su daɗe suna murna ba. A zamanin mulkin soja na Acheampong, cikin shekarun 1970, kaya suka ɓace. Madara, sukari, sabulu, sardin, sai mai hanya, sai wanda ya samo takardar izinin ɗaukar kaya daga wani babba. Zamanin kalabule ke nan, wato ɓoye kaya a sayar da tsada ta bayan fage. Gwamnati ta ƙayyade farashi, mai shagon unguwa kuwa ya sayo a hannu na huɗu ko na biyar, a kuɗin da ya riga ya wuce ƙayyadadden. Idan ya sayar yadda doka ta ce ya karye, idan ya ɗora ya zama mai laifi. Bayan juyin mulkin 4 ga Yuni, 1979, sojoji suka shiga shaguna suna fito da kaya suna sayarwa a farashin gwamnati, aka yi wa 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a, har da mata, a watan Agusta kuma aka rushe kasuwar Makola a Akra. An ɗora wa mai gwangwani goma laifin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Tagogi suka rufe, ciniki ya koma ɗaka, sai wanda aka sani ake miƙa wa ta ƙofar baya. Sai ga 1983 da fari da gobarar daji, ga 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya.

A shekarar ce gwamnatin Rawlings ta juya akala, aka fara sakin farashi, kaya suka dawo da tsadarsu. Ma'aikatan da aka sallama daga aiki da yawa suka zuba kuɗin sallamar a kiyos na katako. Da mazauna suka samu damar sayen gidajen da suke haya a hannun hukuma, sai gini ya barke, ɗaki a baya, shago a gaba. Kwantenar ƙarfe ta kori katako saboda ɓarayi da gobara. Wuraren buga waya suka zo suka wuce. Ruwan leda ya kashe sana'ar ruwan ƙanƙara a kofi. A 2007 aka canja kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, amma har gobe za ku ji tsohuwa ta ce a ba ta burodin dubu hamsin, mai shago ya miƙo na sidi biyar. A 2009 MTN ta kawo MoMo, yanzu ɗan da ke Jamus yana iya share shafin mahaifiyarsa a littafin Baba daga inda yake.

An buɗe Kumasi City Mall a Asokwa a 2017, ga kantunan Melcom, ga sabuwar kasuwar Kejetia. Babu ɗaya a cikinsu da zai yanka muku sabulu ko ya ce ku kawo kuɗin ranar Juma'a, shi ya sa ba su ne ke tsorata mai shagon unguwa ba. Abin da ke hana shi barci haya ce da jan fenti. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma mai gida shekara biyu yake nema, wani lokaci da kuɗin shiga a kai. Wanda ya kasa ya ajiye kwantena a bakin kwata, wata rana ya tarar an rubuta mata da jan fenti cewa ya kwashe. Gaskiya ne wasu kwantenonin sun toshe magudanar ruwa, kuma duk wanda ya ga Aboabo da damina ya san wannan ba wasa ba ne. A ɗauke waɗanda ke kan kwata. Amma kafin motar rusau ta zo, a nuna wa mutum inda zai koma cikin unguwarsa, kusa da gidajen da ke cikin littafinsa, a farashin da mai sayar da sukarin sidi biyu zai iya biya.