Jaɓa Ba Ɓera Ba Ce

Dare ya yi, an ɗauke wuta, sai ka ji wata 'yar tsuwa siririya tana bin gindin bango, wari kuma ya biyo baya. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Bauchi ya san baƙuwar. Jaɓa ce.

Da yawanmu muna lissafa ta cikin ɓeraye, amma kama da wane ba wane ba ne. Ku dubi fuskarta. Baki dogo mai tsini, kullum yana motsi yana shinshina. Idanu ƙanana kamar ƙwayar gero, domin da hanci da kunne take farauta. Ƙafarta ta gaba yatsu 5 ne, ta ɓera kuwa 4 ake gani.

Babban bambancin yana cikin baki. Ɓera yana da haƙoran gaba masu kama da kurfi, suna ta tsiro har ya mutu, shi ya sa yake gwaguyar buhu da ƙofa. Haƙoran jaɓa tsini ne kamar ƙaya, na kama kyankyaso, gyare, gara da tana. Jikinta yana ƙona abinci da sauri sosai, a yini takan ci abin da ya kusa nauyinta, kuma yunwar 'yan awoyi tana iya kashe ta. Mafi ƙanƙanta a danginta nauyinta wajen giram 2 ne kacal.

Warin nan fa? Daga gefen cikinta yake fitowa. Kyanwa takan kashe ta, ta bar ta a nan ba ta ci ba.

'Yar'uwarta ta kusa ita ce bushiya. Beguwa kuwa, duk da ƙayarta, dangin ɓera ce. Akwai kuma wata 'yar'uwar tasu mai tona rami da hannuwa kamar shebur, amma ita tana Turai da Asiya da Arewacin Amurka, ba ta ƙasarmu.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma Bauchi tana cikin jihohin da yake addaba duk rani. Ɓera mai nonuwa da yawa ne babban mai yaɗa shi. Shi ya kamata mu sa wa ido. Ku rufe abinci, ku toshe ramuka, kada ku taɓa ɓera ko jaɓa da hannu. In kuwa kun ga uwa tafe, 'ya'yanta a jere kowa ya ciji gindin wutsiyar na gabansa, to jaɓa ce take sauya wa iyalinta maɓoya.