Waya guda a hannun malami ta isa ta haɗa aji biyu

(Laccar da aka gabatar gaban malaman makaranta a Damagaram, an rubuto ta daga abin da aka naɗa)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum. Malamai maza da mata, shugabannin makarantu, da ƙannena masu shirin shiga aikin koyarwa, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka yo sammako daga Mirya da Matamaye.

An ce in yi magana a kan amfani da kayan sadarwa cikin aji. Na san abin da ke ran wasunku: aji mai yara cunkus, wani ma rumfar zana ce, wuta tana zuwa tana tafiya, ina zancen intanet? Tambayar tana kan hanya. Amma ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Tun 1964 Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada haka. Ana shirya darasi a Yamai da faransanci, yara suna kallo a aji, mai kula da su yana maimaita musu. An yi aiki mai kyau, amma akwatin nan magana yake yi, ba ya saurare. Yaron da bai gane ba, ba shi da hanyar tsayar da mai magana.

A wancan zamanin kuma akwai wani abu da na fi ƙauna, wato ƙungiyoyin masu sauraron rediyo da aka kafa a 1962. Mutanen gari su taru su saurari shiri, su yi muhawara, a naɗi muryoyinsu a mayar gidan rediyo, a sake watsawa kowa ya ji. Manomi ya ji muryarsa, ya ji amsar wani manomin da bai taɓa gani ba. Wannan kai da komowa ita nake so mu shigar cikin aji. Duk na'urar da za ku kawo, ku fara tambayar kanku: wa ke can ɗaya gefen yana jiran amsar ɗalibaina, kuma me yake da shi wanda su ba su da shi?

Kada ku raina ƙaramar waya. A 2009 da 2010 an yi gwaji a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, cikin azuzuwan yaƙi da jahilci na manya, da sunan ABC. Wata mai binciken tattalin arziki, Jenny Aker, da abokan aikinta suka bi diddigin aikin tare da ƙungiyar Catholic Relief Services. A wasu ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai sarrafa salula mai maɓalli, a wasu ba a ƙara ba. Waɗanda suka koyi waya sun fi samun sakamako a rubutu da lissafi. Dalilin a wurina a fili yake: wanda ke son aika saƙo ga ɗansa da ke ci-rani yana da dalilin neman harafi, kuma zai ci gaba da nemansa bayan an tashi daga aji.

To bari in ba ku aiki guda, in zauna a kansa, domin jiharmu Allah ya tsara ta yadda ya dace da shi. Magarya tana kudu, Tanut tana arewa, kuma kusan a kan layi ɗaya suke, ɗaya bisa ɗaya in ka duba taswira. Tsakaninsu a miƙe, ba ta hanyar mota ba, kimanin kilomita 220 ne. Malamin lissafi na kwaleji a Magarya ya yi magana da takwaransa na Tanut, su tsai da rana guda. Kowane aji ya kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili mai laushi, a tabbata ta miƙe, a rataya dutse da zare a gefenta a gwada. Yara su riƙa sa alama a bakin inuwa har ta kai iyakar gajartarta. Wannan ba sabon abu ba ne a gidajenmu, haka malamanmu na zaure suke gane zawali kafin a kira Azahar. A nan yankin lokacin yana faɗowa bayan ƙarfe 12 da kamar minti 20 a watan Disamba.

Wajen 21 ga Disamba, ƴan Magarya za su samu inuwa kusan santimita 74, ƴan Tanut kusan 79. Nan waya take shigowa. Kowane aji ya aika wa ɗaya awon inuwarsa, ko ta saƙon rubutu, ko ta murya a WhatsApp in akwai rezo, wato in layi yana kamawa. Ku lura da fuskokin yara a wannan lokacin. Rana ɗaya, sanda ɗaya, lokaci ɗaya, amma inuwa ta bambanta. Wani zai ce ƴan Tanut sun yi kuskure. Ku bar shi ya faɗa musu da bakinsa, su kuma su kare awonsu, su sake gwadawa washegari. Wannan gardamar ita ce darasin. Daga nan su zana sanda da inuwa a takarda, su auna kusurwa, su tarar da bambancin kusan digiri 2. Wato kilomita 220 ɗin nan digiri 2 ne cikin digiri 360 na kewayen duniya. Digiri 2 sau 180 ne yake ba da 360, kilomita 220 sau 180 kuma ya ba da 39,600. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne. Abin da masanin Girka Eratosthenes ya yi ke nan a Masar, tsakanin Aswan da Iskandariyya, shekaru fiye da 2,200 da suka wuce. Aji ɗaya shi kaɗai ba zai iya wannan lissafi ba ko da kwamfuta ɗari gare shi, dole sai da lambar da ke hannun wasu yara can nesa.

Ƴan firamare ma suna da nasu. Farashin tiyar hatsi ranar kasuwa a garuruwa biyu, mako bayan mako, ya isa a koyi tarawa da ɗebewa da zana jadawali, a kuma tambayi dalilin da ya sa ya hau bayan kaka ta yi nisa. Ko yaran Gure su naɗo tatsuniya da barbarci daga bakin kakanninsu, yaran unguwar Birni ta nan Damagaram su mayar da ta Hausa, kowa ya fassara wa ɗan uwansa. Awon ruwan sama yana da daɗi, sai dai damina tana faɗowa cikin babban hutu, kada ku ɗora aikin shekara a kansa.

Yanzu maganar wahala. Kuɗin kira da na intanet bai kamata su fita daga aljihun malami kullum ba. Ku kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye tun farkon shekara, ku nuna musu abin da za a yi da ranar da za a yi shi. Ku bincika layin da ya fi kamawa a garin abokin aikinku, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, domin wanda ke aiki a unguwar Zango ta nan Damagaram ba lalle ya yi aiki a ƙauyen Belbeji ba. Saƙon murya ya fi kiran bidiyo amfani gare mu: yana jiran rezo ya dawo, kuma ana iya sake saurarensa sau uku. Inda babu wuta, ƙaramin faranti mai aiki da hasken rana ya isa cajin waya guda.

Abu na ƙarshe da ba na sassauci a kansa shi ne amanar yara. Waya ta zauna a hannun malami. Kada a ba da lambar ɗalibi ko ɗaliba ga kowa, kada a aika hoton fuskar yaro sai iyayensa sun yarda, hoton sanda da inuwa da allo ya wadatar. Kuma lokacin naɗar murya, ku tabbata ƴan mata sun karɓi waya kamar yadda maza suka karɓa, domin in aka bar abin haka nan, masu ƙarfin murya ne za su mamaye.

Akwai takarda a bakin ƙofa. Kowa ya rubuta makarantarsa da ajin da yake riƙe da shi, mu haɗa na kudu da na arewa kafin Disamba. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Na gode, Allah ya saka da alheri.