Daga Njamena: Sojojin da aka kama a 1940

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna Njamena, kuma ku yi haƙuri da hucin iskar da kuke ji, hunturu ne ya sauko da ƙurarsa. Titin nan da nake bi sunansa Avenue Charles de Gaulle, a garin kuma akwai babbar makarantar sakandare mai sunan Félix Éboué. Ba haka kawai aka sa sunayen ba. Ranar 26 ga Agusta 1940, bayan Jamusawa sun ci Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, Éboué da ke gwamnan Chadi ya ce shi bai sallama ba, yana bayan de Gaulle, janar ɗin Faransa da ya ƙi miƙa wuya ga Jamus. Daga garin nan, lokacin ana ce masa Fort-Lamy, Leclerc, wani kwamandan de Gaulle, ya ɗebi sojoji suka keta hamada har Kufra a Libiya, suka karɓe ta a farkon Maris 1941. Labarin nasara ke nan, kowa na son ba da shi. Ni na waɗanda aka kama ne ya kawo ni.

To ga mu mun iso. Wannan dattijon asalinsu Damagaram ne, iyayensa suka taso da niyyar Makka a ƙasa, zama ya kama su a nan. Ya ce kada a nuna fuskarsa, don haka carbinsa kawai za ku gani.

Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya?

"Lafiya lau, ɗana. Zauna, shayi na kan wuta."

Baba, wan mahaifin naku da kuka ba ni labari, yaya aka yi ya tafi?

"Ai ba shi ya zaɓa ba. Nasara ya ce wa sarki a kawo samari, sarki ya ce wa masu unguwa, aka zo gidanmu aka nuna shi. Shekarar da yaƙin ya tashi ke nan. Tun muna jin ana cewa yana Faransa, har aka ce Jamus ya kama su. Daga baya wani da suka zauna a sansani ɗaya ya dawo, ya ce tari ne ya kashe shi a tsare. Kakarmu har ta rasu ba ta yarda a raba kayansa ba."

Allah ya jiƙansa, Baba. Allah ya sa ya huta.

Jama'a, bari in faɗa muku yadda kamun nan ya kasance, don ba kowa ne ma ya kai sansanin ba. Akwai wani kyaftin, Charles N'Tchoréré, haifaffen Libreville a Gabon a 1896. Ya shiga soja a 1916, ya yi aiki a Maroko, ya ji rauni a Siriya, ya zama kyaftin a 1933, abin da baƙar fata kaɗan ne suka kai a sojan Faransa na wancan zamani. Har shugabancin makarantar 'ya'yan sojoji ta Saint-Louis a Senegal ya riƙe. Da yaƙi ya ɓarke aka ba shi kamfani a rajimanti ta 53, wadda ta haɗa baƙaƙe da Turawa.

Daga ranar 5 zuwa 7 ga Yuni 1940 suka tsare wani ƙaramin gari, Airaines, a yankin Somme na arewacin Faransa. Jirage na ruwan bama-bamai daga sama, tankoki sun zagaye su, su kuma suna riƙe da garin don sauran dakaru su samu su janye. Sai da harsashi ya ƙare suka ɗaga hannu. Jamusawa suka fara tankaɗe da rairaya: farare nan, baƙaƙe can. Kyaftin ya ce shi hafsa ne, wurin hafsoshi zai tsaya, haka dokar yaƙi ta ce. Kuma gaskiyarsa ce, domin yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta tanadi yadda ake riƙe fursunan yaƙi, Jamus kuma ta sa hannu a kanta. Nan take aka harbe shi. Zamansa na fursuna bai kai wuni guda ba. A cikin kwanakin nan ɗansa Jean-Baptiste shi ma ya faɗi a fagen daga a yankin na Somme.

Ba shi kaɗai ba ne. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta baƙaƙen sojoji tsakanin 1,500 zuwa 3,000 ne aka kashe bayan sun miƙa wuya a watannin Mayu da Yuni na shekarar. A Chasselay kusa da Lyon, ranar 20 ga Yuni, tara su aka yi a fili aka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Maƙabartarsu na nan har yau, an yi mata katanga ja irin ginin ƙasarmu ta Sahel.

Waɗanda suka tsira kuwa, irin wan mahaifin Baba, Jamusawa ba su so su zauna a ƙasarsu ba, wai gudun cututtuka da cuɗanya da farare. Sai aka tsare su a sansanoni cikin Faransa da aka mamaye, waɗanda ake kira Frontstalag. Aikin gona, saran itace, ɗaukar kaya, ga abinci ba ya isa, ga sanyin da mutumin Damagaram bai taɓa mafarkinsa ba. Tarin fuka ya yi musu ɓarna sosai. Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal, ya zauna a na Poitiers kafin a sake shi a 1942 saboda rashin lafiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga 1943 sojojin Faransa ne da kansu suka riƙa gadin wasu daga cikinsu a madadin Jamusawa. Mutumin da ka zo yi wa yaƙi, shi ne riƙe da makullin ɗakin da aka kulle ka.

Baba, su waɗanda suka dawo fa, an biya su haƙƙinsu?

"Hmm. Ka taɓa jin Thiaroye?"

Na ji, Baba, amma masu kallo ba lallai ba. Wani bariki ne a gefen Dakar. Ranar 1 ga Disamba 1944, tsofaffin fursunonin nan da aka dawo da su suka nemi kuɗin albashinsu na shekarun da suka yi a tsare, sojojin Faransa suka harbe su. Hukuma ta ce mutum 35, François Hollande, shugaban Faransa na lokacin, a 2014 ya ambaci 70, wasu masana na ganin ɗaruruwa ne. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa Macron ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne, shekara 80 cif bayan abin ya faru.

Baba ya ce akwai wata tsohuwar takardar soja a akwatin ƙanwarsa da ke Kousseri, tsallaken kogi a Kamaru, cikin Faransanci take, ba wanda ya taɓa karanta musu ita duka. Gobe in Allah ya kai mu zan tsallaka gadar Nguéli da wani abokina mai jin yaren, mu ga ko akwai lambar sojan da sunan sansanin a ciki. Baba, a yi mana addu'a.

"Allah ya kai ku lafiya. Amma ka sha shayin tukuna, ya huce."